Surukina ba ya jin Turanci, ya sa hannu a cinikin gida a Kalifoniya: za a mayar masa da kafin alƙalaminsa?

Barista, barka da aiki. Ni mutumin Kano ne, ina tuƙin babbar mota a Fresno ta jihar Kalifoniya a Amurka, shekara 11 ke nan. Maiɗakina 'yar asalin Meziko ce. Mahaifinta ya daɗe a ƙasar nan yana aikin gini, amma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, Sifaniyanci yake ji. Watan jiya ya taya wani gida a kan dala 400,000, aka sallama, ya ajiye dala 12,000 kafin alƙalami. Dillaliyar da ta nemo masa gidan da Sifaniyanci ta yi komai da shi, haka ma wanda ya haɗa shi da masu ba da bashi, amma takardun duk da Turanci suke. Kwana 10 da yin ciniki ta turo wata takarda a waya ta ce ya sa hannu maza, wai ta al'ada ce kawai don kada mai gidan ya juya ga wani. Ya sa. Daga baya mai ƙiyasin banki ya ce gidan bai wuce dala 375,000 ba, domin ɗaki na uku gareji ne aka mayar ɗaki ba da izinin hukuma ba. Banki ya rage bashin, Baba kuma ba shi da cikon. Yanzu mai gidan ya ce kuɗin kafin alƙalami sun zama nasa. Wani notario, wato mai hatimin tabbatar da sa hannu a takardu, da muka biya dala 300 ya ce cinikin bai ƙullu ba tun da ba a ba shi fassara ba, kuma doka ta ba kowa kwana 3 ya fasa. Ni dai kotu nake so mu je, har da ƙarar nuna bambanci. Ta ina za mu fara?

Mai karatu daga Fresno

Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka maka da tsaya wa surukinka. Ban ga takardun ba, kuma a irin wannan rigima layi ɗaya a shafi na tara yana iya juya komai, saboda haka ka ɗauki abin da zan faɗa a matsayin haske kafin ku zauna da lauyan harkar gidaje a nan inda kuke. Zan kuma ɗauka cewa an yi cinikin ne a kan takardar da ƙungiyar dillalan gidaje ta Kalifoniya ta tsara, domin ita ce aka fi amfani da ita a jihar. In wata daban ce, wasu daga cikin maganganuna za su sauya.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Kusan duk abin da notario ɗin nan ya gaya maku ba haka yake ba.

A dokar ciniki ta Amurka, wanda ya sa hannu a takarda ana ɗauka ya yarda da abin da ke cikinta, ko ya karanta ko bai karanta ba, ko yana jin yaren ko ba ya ji. Alƙalai sun sha faɗa cewa wanda ba ya jin Turanci, nauyi ne a kansa ya nemi wanda zai karanta masa kafin ya ɗora alƙalami. Na san abin da ciwo, amma an ce shari'a saɓanin hankali. Don haka cewar "Baba ba ya jin Turanci" ita kaɗai ba ta warware ciniki.

Na gane inda notario ya tsinto maganar fassara. Akwai doka a Kalifoniya, sashe na 1632 na kundin dokokin mu'amala na jihar, wadda aka kafa a 1976 saboda masu jin Sifaniyanci, daga baya aka ƙara Sinanci da Tagalog da yaren Biyetnam da na Koriya. Ta ce ɗan kasuwar da ya yi ciniki da mutum da ɗayan waɗannan harsuna, dole ya miƙa masa fassarar yarjejeniyar kafin ya sa hannu, in bai yi ba mutumin na iya soke ta. Gaskiya ne, amma dokar ta jero irin yarjejeniyoyin da take nufi: cinikin mota, hayar gida da ta wuce wata ɗaya, wasu basussuka, yarjejeniyar ɗaukar lauya, da makamantansu. Takardar sayen gida tsakanin mai saye da mai sayarwa ba ta cikin jerin. Mai gidan nan ma ba da Sifaniyanci ya yi ciniki da surukinka ba, wataƙila ko ganin juna ba su taɓa yi ba.

Inda dokar za ta iya taɓa ku shi ne ɓangaren bashi. Dillalin bashi da ya tattauna da mutum da Sifaniyanci, akwai takardun bayani da doka ta ce ya ba shi a fassare, kuma sashe na 1632.5 ya ɗora irin wannan nauyi a kan wasu cibiyoyin ba da bashin gida, ban da bankunan da ke da rajistar tarayya. To amma ko da mutumin nan ya saɓa, laifinsa yana tsakaninsa da surukinka da hukumar da ke sa masa ido. Bai shafi mai gida ba, kuma bashin ma ba a kai ga karɓarsa ba balle a soke shi. Ga kuma wani tarko: dokar ba ta aiki idan mutum ya zo da tafintansa, baligi mai jin harsunan biyu sosai, wanda ba ɗan kasuwar ne ya kawo shi ba. In maiɗakinka ta zauna a wasu zaman tana fassara wa mahaifinta, ka sa ran za a ɗaga wannan. In kuwa jika ne ɗan shekara 15 aka riƙa kira daga ɗaki ya zo ya faɗa wa kaka abin da aka ce, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, wannan ba ya cikin lissafi.

Sai maganar kwana 3. Wannan ita ce tatsuniyar da ta fi kowace yawo, kuma ba masu jin Sifaniyanci kaɗai take ruɗa ba. Dokar tarayya ta 1968 kan bayyana gaskiyar bashi ta ba da kwana 3 na fasawa, amma ga wanda ya jinginar da gidan da yake ciki don karɓar sabon bashi. Bashin sayen gida an cire shi ƙarara. Akwai wasu kwana 3 kuma da suka shigo a 2015, wato dole mai ba da bashi ya miƙa maka takardar lissafin ƙarshe kwana 3 na aiki kafin ranar rufe ciniki. Waɗannan na karatu ne da tambaya, ba su ba ka damar tafiya da kafin alƙalaminka ba.

Shi kansa notario ɗin, ku daina kai masa kuɗi. A Meziko notario babban masanin shari'a ne da gwamnati ta naɗa, shi ake zuwa wurinsa a cinikin gida, shi ya sa dattijo irin surukinka zai ji sunan ya saki jiki. A Amurka kuwa aikin mai wannan hatimi bai wuce ya duba katin shaidarka ya tabbatar kai ne ka sa hannu ba. Ba lauya ba ne, ba shi da hurumin ba da shawarar shari'a, har ma dokar Kalifoniya ta hana su kiran kansu notario a tallarsu saboda irin wannan ruɗani. Ku adana rasidin dala 300 ɗin, wata rana zai yi amfani, amma ba shi ne gabanmu yanzu ba.

Ƙarar nuna bambanci ma ban ga ƙafar da za ta tsaya a kai ba, a bisa abin da ka rubuto. Dokar gidaje ta tarayya ta 1968 ta hana a bambanta mutum saboda asalin ƙasarsa, dokar Unruh ta Kalifoniya kuma, mai hana 'yan kasuwa nuna bambanci, tun 2016 ta ambaci harshen uwa da sunansa. Da an ƙi nuna wa surukinka gida, ko an tsauwala masa kuɗin ruwa don an ga ba ya jin Turanci, da sai in ce akwai magana. Amma ita dokar Unruh ɗin da bakinta ta ce ba ta tilasta wa kowa ya fassara takardu fiye da abin da wasu dokoki suka riga suka ce ba. In akwai abin da ba ka faɗa mini ba, misali wata kalma da aka yaɓa masa ko wani sharaɗi da aka ɗora masa shi kaɗai, ka gaya wa lauyan da za ku gani. Ƙorafi a ma'aikatar gidaje ta tarayya shekara ɗaya ne wa'adinsa, ƙara a kotu shekara biyu.

To yanzu ga inda nake ganin ƙarfinku yake, kuma ka lura ba inda kake dubawa ba ne.

Takardar da aka turo a rana ta 10, ina kyautata zaton ita ce mai taken Contingency Removal, wato janye sharuɗɗa. A takardar cinikin da na ambata, mai saye yana da sharuɗɗan da ke kare shi: ya bincika lafiyar gidan, ƙiyasin banki ya kai kuɗin da aka yi ciniki, bashi ya fito. Yawanci kwana 17 ake ba kowanne in ba a rubuta wani adadi ba. Muddin sharaɗi na nan, mai saye na iya fasawa ya karɓi kuɗinsa cas. Kuma a Kalifoniya sharaɗin ba ya faɗuwa don kawai kwanaki sun cika, sai mai saye ya janye shi a rubuce. Ka ga ke nan da surukinka bai taɓa wannan takarda ba, ranar da ƙiyasi ya fito da giɓin dala 25,000 sai ya ce na fasa, babu mai riƙe masa ko sisi. Takardar da aka ce masa ta al'ada ce, ita ce ta fi kowace nauyi a cinikin gaba ɗaya.

Abu na farko, ku buɗe ta ku duba akwatin da aka yi wa alama. Tana da wurin janye sharaɗi ɗaya ko biyu, tana da wurin janye duka. Na sha ganin mutane sun tayar da hankali, ashe sharaɗin bincike kaɗai suka janye, na ƙiyasi da na bashi suna nan daram. In haka ne, rigimar ta kusa ƙarewa.

In duka aka janye, sai mu koma kan dillaliya. Wakiliyar surukinka ce, doka ta ɗora mata amana mafi girma a kansa: ta yi masa gaskiya, ta bayyana masa abin da zai cutar da shi, ta fifita maslaharsa a kan la'adarta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wadda ta samu ciniki saboda tana jin yaren mutum, ta san sarai ba ya karanta abin da take turo masa, sannan ta sa shi janye sharaɗin ƙiyasi mako guda kafin wa'adi, ƙiyasin ma bai fito ba, tana da bayanin da za ta yi. Ba na yanke mata hukunci, ban ji ta bakinta ba, kuma a kasuwar da masu saye suka yi yawa akan janye sharuɗɗa da wuri da gangan. Amma akan yi haka ne bayan an zaunar da mutum an ce masa, ka sani fa in abu ya ɓaci kuɗinka sun tafi. Bambancin rashin jin Turanci da faɗa wa mutum abin da ba shi ne a takarda ba, shi ne bambancin shari'ar da za a kora da wadda za a saurara. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya, a shari'ar Ramos da kamfanin Westlake, ta ƙi ɗaure wani mai sayen mota da wani sharaɗi da ke cikin takardar Turanci, saboda fassarar Sifaniyancin da aka ba shi ta tsallake sharaɗin. Mota ce ba gida ba, kuma fassara ce a rubuce ba maganar baki ba, don haka kada ka ɗauke ta kamar an gama. Na kawo ta ne don ka ga irin abin da kotu ke kallo.

Shi ya sa tambayar da ta fi damuna ita ce, ta yaya ta faɗi maganar? In saƙon murya ne a WhatsApp ko rubutu, to yau ɗin nan, kafin ka sake hawa mota, maiɗakinka ta karɓi wayar mahaifinta ta kwafe hirar gaba ɗaya zuwa wani wuri, da ranaku da lokuta. Kada a goge komai, har da saƙonnin da ba su yi maku daɗi ba. Kada kuma wani ya kira dillaliyar ya naɗi muryarta a ɓoye don neman hujja, a Kalifoniya laifi ne naɗar hirar sirri ba da yardar kowa ba. In kuwa a baki ta faɗa babu shaida, za ta ce ta yi bayani, shi ya ce ba ta yi ba, ga kuma sa hannunsa a ƙasa. Ƙarfinku ya ragu sosai, ko da yake bai ƙare ba.

Abu na biyu shi ne garejin. Doka ta wajabta wa mai sayar da gida ya cike takardar bayyana aibin gida, kuma a cikinta akwai tambaya ƙarara kan ko an yi ƙari ko gyara ba da izinin hukuma ba. Ku nemo ta. In mai gidan ya ce babu alhali shi ya yi aikin ko ya san da shi, to bakinsa bai kai ya ce kuɗi sun zama nasa ba, domin ɓoye aibi hujja ce ta warware ciniki ko da an janye sharuɗɗa. In ya ce akwai, shi ya fita, nauyin ya ƙara komawa kan wadda ba ta karanta wa surukinka ba. Ku duba ranar da aka miƙa takardar kuma. In bayan an yi tayi ta zo, ko aka yi mata gyara mai muhimmanci daga baya, mai saye na da kwana 3 in hannu da hannu aka ba shi, kwana 5 in ta gidan waya, ya fasa a rubuce. Waɗannan su ne kwana 3 na gaskiya a cinikin gida. Ina jin sun wuce, amma a duba.

Shi kuma mai gida da yake cewa kuɗi sun zama nasa, ya yi gaggawa. Kuɗin ba a aljihunsa suke ba, suna hannun kamfanin riƙon amana da ake kira eskuro, kuma a al'ada ba sa sakin su sai ɓangarorin biyu sun sa hannu ko an kawo hukunci. Ko da an tabbatar surukinka ne ya saɓa, sai an duba ko su biyun sun sa harufan sunansu a sakin layin da ya ƙayyade diyya. In sun sa, sashe na 1675 na kundin dokokin mu'amala ya ce abin da bai wuce kashi 3 cikin 100 na kuɗin gidan ba ana ɗaukarsa daidai ne, sai in mai saye ya nuna ya wuce kima. Dala 12,000 kashi 3 ne cif, ba kuma haɗuwa aka yi ba, haka ake tsara shi. Amma dokar ta ce wajen auna kima ana duba ko an sake sayar da gidan cikin wata 6 da kuma nawa aka sayar. In ya sayar da wuri a kan kuɗin ko fiye, kuna da abin faɗa. In ba su sa harufan ba, sai ya kawo hujjar asarar da ya yi, wadda za ta iya gaza dala 12,000, za ta kuma iya wucewa. Ku ma kada ku ƙi sa hannu don taurin kai kawai: wanda ya riƙe kuɗin eskuro kwana 30 bayan an nema a rubuce, ba tare da saɓani na gaskiya ba, ana iya cin sa tarar da ta kai dala 1,000 da kuɗin lauya. A ganina saɓaninku na gaskiya ne, amma a rubuta dalilin a aika. Duk wasiƙar da ta zo daga eskuro a amsa ta a kan lokaci, kada a ajiye ta a kan firij ana jiran ka dawo daga tafiya.

Kotun da kake so, Malam, ka yi lissafi tukuna. Takardar cinikin tana da sharaɗin cewa sai an nemi sulhu ta hannun mai shiga tsakani kafin a kai ƙara, kuma wanda ya tsallake wannan ya rasa damar a biya shi kuɗin lauya ko da ya yi nasara. Wanda ya faɗi kuma yana iya biyan lauyan ɗaya ɓangaren. Shari'a a babbar kotu kan dala 12,000 tana iya cinye fiye da dala 12,000 kafin a ga alƙali. Akwai ƙaramar kotun ƙananan ƙararraki, wadda tun 2024 take sauraron abin da bai wuce dala 12,500 ba ga mutum ɗaya, babu lauyoyi a zaman, ana kuma iya neman tafinta. Kuɗinku sun shiga ciki da ƙyar, kuma yawanci sharaɗin sulhu bai hana zuwa can ba. Ku riƙe ta a matsayin mafita ta ƙarshe. Ka tuna surukinka ne zai tsaya ya yi bayani, ba kai ba, kuma in shi ya kai ƙara ya faɗi, ba shi da ɗaukaka ƙara.

Ni da za a bi tawa, ga yadda za a yi. A fara tambayar dattijon, har yanzu yana son gidan? Na san da kunya tsakanin mutum da surukinsa, sai maiɗakinka ta tambaye shi su biyu, domin na lura a wasiƙarka kai ne ke son kotu, shi ban ji abin da yake so ba. In yana so, a nemi mai gida ya rage kuɗi ko a raba giɓin, a ƙara wa'adi a rubuce. Yana da dalilin saurara: duk mai sayen da zai zo da bashin banki, mai ƙiyasinsa zai ga garejin nan, kuma yanzu da magana ta fito dole ya bayyana ta ga na gaba. Sai dai surukinka ya sani in ya saya, matsalar izinin ta zama tasa.

In ba ya so, lauya ya rubuta wasiƙa biyu. Ɗaya ga mai gida, ta neman zaman sulhu. Ɗaya ga shugaban kamfanin da dillaliyar ke aiki a ƙarƙashin lasisinsa, ba ita ba, da kwafin saƙon da fassararsa daga ƙwararren mai fassara, ana gayyatarsu zaman. Irin waɗannan kamfanoni galibi suna da inshorar kuskuren aiki, kuma ba sa son ƙorafi ya isa hukumar kula da dillalan gidaje ta jihar. Ƙorafin haƙƙinku ne, kyauta ne, amma hukumar horo take yi, ba ta karɓo wa mutum kuɗinsa, kuma kada a rubuta shi a wasiƙa a matsayin barazanar a biya ko a kai ƙara, wannan yana iya juyowa kanku. A irin wannan zama abin da aka fi tashi da shi shi ne mai gida ya riƙe wani abu, ya saki saura, kamfanin dillaliya ya cike wani ɓangare. Ba na maka alkawarin dala 12,000 za su dawo cif. Ku duba kuma ko dillaliyar ita ce ke wakiltar mai gidan, ko kamfaninsu ɗaya. Doka ta yarda da haka in an bayyana an kuma amince a rubuce, amma in surukinka bai san da shi ba, lauya zai so ya ji.

Ranar zaman ku zo da tafinta naku wanda kuka biya, ba maiɗakinka ba, domin tana iya zama shaida. Duk abin da aka amince a kai, a karanta wa dattijon shi da Sifaniyanci layi bayan layi kafin ya sa hannu. Daga yau kuma har zuwa ranar, duk takardar da ta shigo wayarsa, musamman mai taken soke ciniki da sakin kuɗi, kada ya taɓa ta sai lauya ya gani.